Bokitin na'urar tsotse danshi ya fi ƙarfin Mama, wace iri za mu saya?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu ta manyanta, tana zaune a ɗakin ƙasa saboda ƙafafunta ba sa iya hawa bene. Ɗakin yana da danshi sosai. Bayan wadrob ya yi baƙi da fumfuna, kayan sawarta suna wari ko an wanke su, ga ta kuma da asma. Mun saya mata na'urar tsotse danshi, ta kuwa yi amfani, sai dai bokitinta yana cika sau biyu a rana, da ya cika kuma sai ta tsaya cak. Mama ba ta iya ɗaukarsa, har ta taɓa zamewa a kan ruwan da ya zube. Ni ina aiki, sai ƙarshen mako nake zuwa. Yayana ya ce a sayi wadda ta fi kowacce girma, mai famfon tura ruwa a cikinta, kowa ya huta. Ni kuma ina tsoron a zuba kuɗi a kan abin da zai lalace, ko ya malale ɗakin ba kowa a kusa. Har mun fara sa-in-sa da shi. Wace iri ya kamata mu saya, wadda za ta riƙa zubar da ruwanta da kanta?

'Yar'uwarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri ke da Yayanki, don dukkanku abu ɗaya kuke nema, wato kada tsohuwa ta sake sunkuyawa a kan bokiti. Amma kun fara gardama a kan wace na'ura, alhali tambayar da za ta yanke hukunci tana gaba da wannan: idan ruwan ya fito, ina zai tafi, kuma ta wace hanya? Duk wanda ya amsa wannan, zaɓen na'ura ya zo masa da sauƙi. Wanda kuwa ya tsallake ta, ko ya sayi mafi tsada a kasuwa, zai iya wayar gari da tabki a tsakar ɗaki.

Kafin komai, ranar da kika je, ki juya na'urar da kuke da ita yanzu ki dubi bayanta da gefenta da kyau. Yawancinsu, har da ƙanana masu ɗaukar lita 10 ko 12 a rana, suna da wata 'yar ƙofa da aka toshe da marufin roba ko murfi mai murɗawa. Ƙofar tiyo ce. Mutane da yawa suna shekaru suna jigilar bokiti ba su san da ita ba, saboda littafin bayanin ya tafi tare da kwalin. Idan taku tana da ita, akwai yiwuwar abin da ya rage muku ɗan tiyo ne da wurin ɗora na'urar, ba sabon saye ba. Cikar bokiti sau biyu a rana ma shaida ce cewa tana aikinta. Bokitin irin waɗannan bai cika wuce lita biyu zuwa uku ba, ke nan tana cire lita huɗu zuwa shida kullum duk da tsayawar da take yi tana jiran a zubar.

Yana da kyau ki san abin da ke faruwa a cikinta, don daga nan dokokin tiyo suka samo asali. Fanka tana zuƙo iskar ɗaki ta bi da ita ta kan wasu bututun ƙarfe masu sanyi, irin na firji. Iska mai ɗumi tana riƙe ruwa da yawa, mai sanyi kaɗan: a digiri 30, iskar da ta cika wuri mai mita ɗaya ta kowace fuska tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa, a digiri 20 kusan giram 17, a digiri 10 kuwa giram 9 da 'yan kai. Da iskar ta taɓa ƙarfen mai sanyi sai ta saki abin da ta kasa riƙewa, kamar yadda kwalbar da aka fito da ita daga firji take zufa a jikinta. Ruwan ya ɗiga cikin wani ɗan faranti, daga farantin ya gangara bokiti, ko kuwa ya fita ta ƙofar tiyo idan an buɗe ta. Ki lura, babu abin da ke tura ruwan nan. Ɗigo ne kawai, yana bin gangara da nauyinsa. Ba shi da ƙarfin hawa ko da tudun santimita biyu.

Saboda haka tiyon dole ya gangara tun daga bakin na'ura har ƙarshensa, ba tare da ya tashi a ko'ina ba. Santimita ɗaya zuwa biyu na gangara a kowace mita ya isa, in ya fi haka ya fi kyau. Inda ake samun matsala shi ne tsakiya. Tiyo mai laushi yana yin ciki, ya lotsa a wani wuri ya sake ɗagawa, ruwa ya kwanta a lotsawar, iska ta maƙale a bayansa, sai ɗigon ya daina wucewa. Haka idan tiyon ya yi tsawo aka naɗe ragowar a ƙasa don kada a yanka. Ki yanke shi daidai tsawon da ake bukata, kada ki ji tausayinsa. Kada a bi da shi ta ƙarƙashin ƙofa inda za a matse shi, kada ƙafar gado ta hau kansa. Ƙarshensa kuma kada ya nutse cikin ruwa. Ya tsaya a sama da rariyar, ruwan ya faɗo a sarari. Wannan yana hana toshewa, yana kuma hana wari da ƙwari biyo tiyon su shigo ɗaki. Kuma tunda Mama ta taɓa zamewa, tiyon da zai ratsa hanyar da take bi zuwa banɗaki da dare wani sabon tarko ne. A bi da shi jikin bango, a kama shi da 'yan maƙalai.

Ƙofar tiyon tana kusa da ƙasa a yawancin na'urori, wani lokacin taƙi ɗaya ko biyu daga daɓe, shi ya sa gangara take wuyar samuwa idan na'urar tana zaune a ƙasa. Maganin shi ne a ɗaga ta. Benci mai ƙarfi, ko kanta da aka kafa a bango da kyau, ko dakalin bulo. Ki tuna tana da nauyi, daga kilo 10 zuwa 20, tana da tayoyi, kuma tana ɗan girgiza idan injin ya tashi, don haka wurin ya zama mai baki ko a tare tayoyin. Ta kuma zauna daidai, ba karkace. Idan ta karkata ta gaba, ruwan zai riƙa zarcewa bokiti maimakon tiyo, ku yi ta mamakin yadda aka yi bokiti ke cika bayan an sa tiyo. Bokitin kuwa a bar shi a mazauninsa. Yawancin na'urori ba sa tashi idan babu shi, kuma shi ne mai tsaron baya: idan tiyo ya toshe, a mafi yawan ƙira ruwan yana komawa cikinsa, ya cika, na'urar ta kashe kanta.

Batun kaurin tiyo ma kada ki yi ƙiyasi da ido. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka galibi bakinsu na murɗawa ne, daidai da tiyon ban-ruwan lambu. Sauran kuwa ɗan bututu ne ake turawa, faɗin cikinsa yana kamawa daga kusan milimita 9 zuwa 14, kowane kamfani da nasa. Tiyon da ya yi wa bakin yawa yana ɗiga a hankali a bayan na'ura inda ba mai gani. Ki auna, ko ki duba lambar samfurin a intanet ki samo littafin. Na fi son tiyo mai garai-garai wanda ake hango cikinsa, don ranar da datti ya fara taruwa ido zai gani.

To ina ƙarshen zai sauka? Mafi kyau rariyar banɗaki ko ta wurin wanka, idan ɗakin Mama yana da banɗaki a jikinsa. Bayan ita, bututun da injin wanki ke zubar da ruwa, ko bahon wanke hannu idan an ɗaga na'urar ta fi shi tsayi. Idan za a haɗa shi kai tsaye da bututun ƙazantar gida, aikin mai gyaran famfo ne, domin dole a sa lanƙwasar nan mai riƙe ruwa da ke tare wari, in ba haka ba kin buɗe wa iskar masai hanya zuwa ɗakin mai asma. Idan kuma huda bango za a yi a fitar da shi waje, kada a sake shi a gindin bangon. Lita biyar kullum a gindin gini, ƙasa za ta sha, bango ya tsotsa, na'ura ta sake cirewa, ku yi ta biyan kuɗin wuta a kan ruwa ɗaya yana zagaye. A kai shi nesa da ginin ko a sa shi a magudana. A wuraren da sanyi ke kai wa ga ƙanƙara, tiyon waje yana daskarewa ya toshe, don haka can ciki ya fi.

Yanzu ga famfon Yaya. Yana da ranarsa. Idan kin zagaya kin duba babu wata rariya da ta fi na'urar ƙasa, ko dole ruwan ya hau taga, ko ya yi tafiya mai nisa ta saman ƙofa, to gangara ta ƙare, sai an tura. Na'ura mai famfo a ciki tana tara ruwan kaɗan, idan ya kai wani mataki sai ɗan injin ya tashi ya tura shi ta siririn tiyo, yawanci har tsayin mita huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan ya isa ya fitar da ruwa ko daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Amma tsoronki ma yana kan hanya. Famfon nan ƙarami ne, tiyonsa siriri, yauƙi da ƙura suna saurin toshe shi, kuma sau da yawa shi ne ke fara gajiya tun sauran na'urar tana da ƙarfinta. Yana da ɗan gurnani lokaci-lokaci, wanda mai barci mara nauyi zai ji. A wasu samfuran kuma, bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, na'urar tana tashi amma famfon sai an sake danna masa madanni. Ki yi tunanin wannan a ɗakin da ba ki zuwa sai ƙarshen mako.

Akwai hanya ta uku wadda ni na fi karkata gare ta idan gangara ta gagara. Na'ura mara famfo, sai a sayi famfon waje daban, irin wanda masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki suke amfani da shi. Ɗan akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa kusa da na'urar. Ruwa yana gangarowa cikinsa ta gajeren tiyo, in ya taru sai ya tura shi sama. Amfaninsa, ranar da ya mutu shi kaɗai za a canza, kuma ana iya buɗe shi a wanke. Aibinsa, yana bukatar soket nasa, kuma idan ya tsaya na'urar ba ta san ya tsaya ba, za ta ci gaba da zuba masa har ya tumbatsa. Don haka in za a bi wannan hanya, a zaunar da shi cikin faranti mai zurfi, a ajiye 'yar ƙararrawar nan mai batir da ke ihu idan ruwa ya taɓa ta. A gaskiya ko wace hanya kuka bi, farantin da ƙararrawar suna da daraja a ɗakin wadda ta taɓa zamewa.

Ra'ayina a tsaye yake: inda gangara za ta yiwu, a bi gangara, ko da sai an kafa kanta ko an huda bango. Abin da ba shi da inji ba shi da injin da zai lalace.

Sai maganar girma. Lambar da ke jikin kwali, lita 12 ko 20 ko 30 a rana, an same ta ne a ɗakin gwaji mai zafi da laima fiye da ɗakin kwana. Kamfanoni da yawa suna aunawa a digiri 30 da danshi kashi 80 cikin 100. A ɗaki mai digiri 20 da danshi kashi 60, na'urar za ta iya ba da rabin abin da aka rubuta ko ƙasa da haka. A Amurka ma an canza ma'aunin a 2019, aka sauko da zafin gwajin daga kusan digiri 27 zuwa kusan 18, sai ga na'urar da a da ake rubuta wa kusan lita 33 ta koma kusan 24, alhali ko ƙusa ba a canza mata ba. Don haka kada ki gwada lambobin kamfanoni biyu sai kin ga a wane zafi da wane danshi kowanne ya auna. Ga ɗakin kwana ɗaya da banɗakinsa, mai lita 10 zuwa 12 tana isa idan danshin matsakaici ne, mai lita 20 kuwa idan ya yi yawa ko ana shanya wanki a ciki. Yaya bai yi kuskure ba da ya ƙi ƙarama, domin wadda ta yi wa ɗaki kaɗan tana kwana tana aiki ba ta kai ga gaci ba. Amma mafi girma a kasuwa an yi ta ne don faffaɗan wuri, tana da ƙara, tana cin wuta, tana kuma ɗumama ɗaki. Duk na'urar tsotse danshi tana fitar da iska mai ɗan ɗumi fiye da wadda ta zuƙa, babba kuwa ta fi. Ki dubi lambar ƙara. Wadda ke kusa da desibel 40 ana iya barci da ita, wadda ta haura 50 za ta dami mai barci, kuma tsohuwar da na'ura ta hana barci za ta kashe ta ne, ba za ta ma gaya muku ba don kada ranku ya ɓaci.

Ban san sanyin ɗakin ba tunda ba ki faɗa ba, kuma yana da muhimmanci. Irin da na bayyana, mai inji kamar na firji, ta fi ƙarfi a ɗaki mai ɗumi. Idan zafin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 15 ko wajen haka, ƙanƙara tana fara kama bututun, na'urar ta riƙa tsayawa tana narkar da ita, aikin ya ragu sosai. Don irin wannan wuri akwai wata ƙira daban, mai wani faifai da ke juyawa a hankali, an shafe shi da sinadari mai shan laima, hita kuma tana busar da shi. Wannan tana aiki har kusa da daskarewa, ba ta da nauyi, amma tana cin wuta ninki biyu ko fiye, kuma tana ɗumama ɗaki sosai. A ɗaki mai sanyi wannan alheri ne, a mai zafi azaba. Ita ma tana da ƙofar tiyo. Waɗanda za ki kauce wa gaba ɗaya su ne 'yan ƙananan nan masu araha da ake ɗorawa a kan tebur, marasa inji. Abin da suke cirewa a yini bai kai lita ɗaya ba. Sun dace da cikin wadrob, ba ɗakin da bangonsa ya yi baƙi ba.

Abubuwa biyu ne ba zan yarda a sayi na'ura babu su ba a halin da kuke ciki. Na farko, ta iya tashi da kanta bayan an ɗauke wuta, ta kuma tuna saitin da aka bar ta a kai. Na'urar da ke jiran yatsa bayan kowace ɗaukewar wuta ta mayar da ku gidan jiya. Na biyu, ta kasance da ma'aunin danshi da za a saita, ta tsaya idan ta kai, ta tashi idan ya hau. A nan mutane suke rikicewa. Akwai wani madanni a jikin yawancinsu da ke sa injin ya yi ta aiki ba tsayawa, wasu kuma suna zaton shi ake dannawa idan an sa tiyo. Babu ruwansa da tiyo. Yana kashe ma'aunin ne kawai. A da cikar bokiti ce ke tsayar da na'urar. Yanzu da tiyo ya ɗauke wannan birkin, idan aka bar ta a kan wancan madannin za ta yi ta aiki dare da rana, ta busar da ɗakin fiye da kima, ta cinye wuta. Iska mai bushewa da yawa kuma tana ƙaiƙayin maƙogwaro da hanci, ba abin da mai asma ke so ba ne. Ki saita ta a kashi 50 cikin 100. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar danshin gida ya zauna ƙasa da kashi 60, mafi kyau tsakanin 30 da 50. A wannan mataki fumfuna ba ta samun abin yaɗuwa, su ma ƙananan ƙwarin ƙura da ke zama cikin katifa, waɗanda suna cikin manyan masu tayar da asma, suna raguwa. Ki sayi ɗan ma'aunin danshi daban ki ajiye kusa da gadon Mama, domin na jikin na'ura iskar da ke kusa da ita kawai yake ji, kuma yakan yi kuskuren maki kaɗan.

Kada kuma kalmar "ta zubar da kanta" ta sa ku ɗauka an sallame ku. An sallami Mama daga bokiti, ku kuwa aikinku ya ragu ne, ya koma daidai da zuwanki na ƙarshen mako. Matatar iska tana son a zare ta a wanke duk bayan mako biyu ko makamancin haka, don idan ƙura ta like ta iska ba ta wucewa, kuma ƙurar ce ke faɗawa cikin farantin ta zama laka ta toshe ƙofar tiyo. Tiyon yana yin yauƙi a ciki. Duk bayan wata ɗaya ko biyu a cire shi a ɗauraye da ruwan ɗumi da ɗan khal (vinegar), ko da ruwan bilic da aka surka sosai, amma kada a taɓa haɗa biyun, haɗinsu yana fitar da iska mai guba. Ki leƙa bokitin duk zuwa. Idan kin same shi a bushe, hanya lafiya. Idan kin sami ruwa a ciki, tiyo ya fara magana. Ruwan da take fitarwa kuma ba na sha ba ne, ko da ya yi fari tas, domin ya bi ta ƙura da ƙarfe. Ki gaya wa duk mai taimaka wa Mama.

Tunda za a bar ta tana aiki ba mai tsaye a kanta, batun wuta ba abin wasa ba ne. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba a wayar jone-jone tare da wasu kaya ba. A bar mata fili ta kowane gefe, taƙi ɗaya ko biyu, kada labule ko wanki ya rufe mata baki. Idan wani ya kawo muku shawarar ta hannu, ku duba lambar samfurin tukuna. A Amurka an janye na'urori sama da miliyan 2 da kamfanin Gree ya ƙera a 2013, aka kuma janye miliyan 3.4 na Midea a 2016, duka saboda suna iya ɗaukar zafi su kama wuta, kuma an sayar da su ne da sunayen kamfanoni daban-daban, don haka sunan da ke goshin na'ura ba ya gaya miki wanda ya ƙera ta. Sababbi da yawa kuma suna amfani da gas ɗin sanyaya bututu mai suna R290, wanda yana kamawa da wuta idan ya tsiyaye, shi ya sa littafinsu yake faɗin mafi ƙarancin faɗin ɗakin da za a sa su. Ki karanta wannan layin. In kuma an kawo sabuwa a kwance cikin mota, a bar ta a tsaye na wasu awoyi kafin a kunna, don man injin ya koma mazauninsa.

Akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki fiye da bokiti. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗakin da mutum ɗaya ke kwana a ciki, idan an rufe ƙofa da taga, na'ura takan cire ruwa da yawa a makonnin farko yayin da katifa da katako da bango ke sakin abin da suka sha, daga baya adadin ya sauka. Idan watanni sun wuce har yanzu lita biyar ne kullum, to ana ciyar da ɗakin ruwa daga wani wuri. Ko taga tana buɗe na'urar tana ƙoƙarin busar da duniya, ko ana shanya wanki a ciki, ko tururin wanka yana shigowa, ko kuwa bango yana naso daga ƙasa ko daga bututun da ya fashe a ciki. Bokiti, duk wahalarsa, yana gaya muku yawan ruwan kullum. Ranar da aka sa tiyo wannan labarin ya yanke, bututu zai iya shekara yana yoyo a cikin bango ba wanda ya sani. Don haka ki yi gwaji mai sauƙi tun yanzu. Ki yanko leda mai faɗin taƙi biyu, ki manna ta a bangon da ya fi laima, ki like gefunanta huɗu da salatif, ki bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a fuskar da ke kallon ɗaki, danshin na iska ne, na'ura za ta iya da shi. Idan ta taru a tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa, sai a nemo magini ko mai gyaran famfo, na'urar kuma ta zama mai rage matsalar kafin a gyara.

Fumfunar da ta riga ta fito kuwa na'ura ba za ta goge ta ba. Bushewa tana hana ta yaɗuwa, amma ƙurarta tana nan tana tashi. A fitar da Mama daga ɗakin ranar da za a wanke, mai wankin ya sa takunkumi da safar hannu, a buɗe taga, kada a kankare ta a bushe. Idan bayan wadrob ɗin allon katako ne mai laushi da ya riga ya sha, canza shi ya fi wanke shi. A janye wadrob ɗin daga bango kamar faɗin tafin hannu don iska ta zagaya. Ki kuma gaya wa likitan da ke duba asmarta halin da ɗakin yake ciki, domin yana iya shafar yadda zai tsara maganinta.

Game da Yaya, kada ki je masa da "na gaya maka". Mutumin da ya ce a sayi mafi girma yawanci yana jin nauyin rashin kasancewarsa kusa ne, kuɗi kuma shi ne abin da hannunsa ke iya kaiwa. Ki ba shi aiki a ciki. Ku haɗu a ɗakin rana ɗaya da abin awo, ku auna tsayin ƙofar tiyo daga ƙasa, ku auna nisan rariya, ku ga ko gangara za ta fita. In ta fita, kuɗin da ya ware su tafi wurin kanta, da ƙararrawar ruwa, da mai duba bangon. In ba ta fita ba, ya yi gaskiya, a sayi famfo, ki kuma faɗa masa haka da bakinki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada a haɗa tiyo da yammacin ranar da za ki koma. Ki haɗa shi da zarar kin iso, ki shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin mahaɗar, ki tsaya ki ga ɗigon farko ya fita ta ƙarshen da idonki. Ki zare filogi ki mayar, ki ga ko za ta tashi da kanta bayan 'yan mintuna. Jinkirin kamar minti uku ba lalacewa ba ne, injin yana kare kansa ne. Ki kwana a ɗakin ki ji ƙararta da kunnenki. Washegari ki duba takardar da bokitin. Idan duka biyun a bushe suke, ki nuna wa Mama madanni ɗaya tak, na kashewa, ki rubuta lambar wayarki da manyan baƙaƙe ki manna a jikin na'urar, ki ce mata in ta ga jar fitila ta kunnu ko ta ji ƙararrawa, ta kashe ta kira ki, kada ta taɓa bokitin.